Yadda ake shuka fulawa mai yaɗo ta rufe ƙasa a lambu

Idan kana da wani fili a lambu wanda kullum a tsirara yake, da rani ƙura da damina taɓo, ko gindin bishiya inda ciyawar kafet ta ƙi kamawa, ko gangaren da ruwa ke ta kwashe ƙasarsa, to abin da ya dace da wurin shi ne tsiro mai yaɗo wanda ba ya kaɗe ganye. Irin waɗannan ba sama suke yi ba, ƙasa suke bi, duk gaɓar da ta taɓa ƙasa mai danshi sai ta fitar da saiwa ta kama, a haka a haka har su rufe wurin ruf. Na sha yin aikin nan, kuma abin da nake so ka riƙe tun yanzu shi ne kusan duk wahalarsa kafin dashe take. Wanda ya gyara ƙasa da kyau ya huta, wanda ya yi gaggawa kuwa zai shekara yana tsintar ciyawa a cikin fulawa.

Kayan da za ka tanada

Fartanya da shebur, manjagara, almakashin yankan fulawa ko wuƙa mai kaifi, tef na awo, igiya da ƴan turaku, bokiti ko butar ban ruwa mai rariya a baki, tiyo in akwai famfo kusa, da safar hannu. Sai taki wanda ya ruɓe sosai, yashi in ƙasarka mai laka ce, ledojin reno ko tsofaffin robobi da aka huda gindinsu, guntayen waya masu ɗan kauri, da abin da za ka rufe ƙasa da shi, busasshen ganye ko ɓawon itace ko ɓuntun shinkafa. Sai kuma abin yin iyaka, bulo ko dutse ko falle na roba mai kauri.

Babban kayan aikin dai shi ne tsiron kansa, kuma a nan mutane da yawa ke faɗuwa tun kafin su ɗauki fartanya, don sun zaɓa da ido kawai ba su duba yanayin wurinsu ba.

Wedelia, wadda sunanta na kimiyya Sphagneticola trilobata, asalinta yankin Amurka ta Tsakiya, tana da ganye kore shar mai sheƙi da ƙananan furanni rawaya. A wuri mai zafi babu wadda ta kai ta saurin rufewa, tana jure rana tana jure ƴar inuwa, ko an aske ta sai ta dawo. Amma ka sani, saboda tsabar mamaya tana cikin jerin halittu 100 mafi mamaye muhalli a duniya na IUCN, ƙungiyar kare muhalli ta duniya, don haka ba a shuka ta sakaka.

Aptenia cordifolia daga Afirka ta Kudu take, ganyenta mai kauri ne mai riƙe ruwa, furenta ja mai ɗan shunayya kuma da rana yake buɗewa. Ita ce ta wurin da rana ke duka kuma ruwa ya yi ƙaranci. Ba ta son taku, ba ta son ruwa ya kwanta mata.

Vinca minor ƴar Turai ce, furenta shuɗi mai kunne biyar, inuwa take so da yanayi mai sanyi, a ƙasa mai tsananin zafi wahala kawai za ta sha. Ka kula wajen saye, akwai wata fulawa da ake sayarwa da sunan vinca wadda a tsaye take girma, wato Catharanthus roseus, ita ba ta yaɗo ko kaɗan.

Tradescantia zebrina mai ganye ratsi-ratsi, shunayya da ruwan azurfa, ta dace da inuwa a wuri mai ɗumi. Sai Arachis pintoi daga Barazil, dangin gyaɗa ce, tana da jinkirin kamawa amma in ta kama tana kwanciya lif, tana jure ɗan taku, kuma tana ƙara wa ƙasa ƙarfi kamar sauran danginta.

Matakan da zan kawo duk sun hau kansu, inda aka samu bambanci zan faɗa.

1. Ka san wurinka tukuna

Ka ɗauki wuni ɗaya kana lura da rana. Idan tana dukan wurin awa 6 ko fiye, wurin rana ne, awa 3 zuwa 6 rabi da rabi, ƙasa da haka inuwa. Da wannan za ka zaɓi tsiro.

Sai gwajin ruwa. Haƙa rami mai zurfin santimita 30, cika shi da ruwa ka bari ya tsotse, sake cikawa. Idan na biyun ya shanye cikin ƴan awanni ƙasar lafiya lau, idan kuwa ka dawo washegari ka tarar da ruwa kwance to wurin yana riƙe ruwa, sai ka ɗaga shi da ƙarin ƙasa kamar santimita 15 zuwa 20 ko ka yi masa hanyar da ruwa zai fita. Sannan ka auna tsawo da faɗi ka rubuta, za ka buƙace shi wajen lissafin dashe.

2. Kashe ciyawa har jijiya

Wannan shi ne matakin da nake roƙonka kada ka yi masa ha'inci. Ciyawa mai fitowa daga iri ba ita ce matsala ba, fulawar na rufewa za ta hana ta haske ta mutu. Matsalar ita ce masu jijiya a ƙarƙashin ƙasa, kiri-kiri da aya-aya da tofa. Su waɗannan in ka sare kansu kawai to aski ka yi musu, kuma in ka daddatsa jijiyar da fartanya ka bar ta a ciki ka ma ƙara musu yawa ne, don kowane guntu zai tsiro da kansa. Idan fulawarka ta riga ta yi yaɗo ta sarƙe da su, babu yadda za ka cire ɗaya ba ka tumɓuke ɗayar ba.

Yadda nake yi, sai in jiƙa wurin da yamma, washegari in kafta da shebur zurfin santimita 20 ina juya ƙasar ina tsince jijiya da hannu, aya-aya kuma sai an bi ta an ciro ƴaƴanta da ke ƙasa, don daga jikinsu take dawowa. Bayan nan ba a shuka nan take. A yi ta ba wurin ruwa har sati 2 zuwa 3 kamar an shuka wani abu, duk abin da ya ɓuya zai leƙo, sai a sake bi a cire. In wurin ya yi muni a maimaita sau ɗaya. Na san mutum yana ɗokin ganin kore, amma wannan jiran shi ne ribar aikin gaba ɗaya.

Idan fili ne babba ko ba ka da ƙarfin kaftu, akwai hanyoyi biyu. Ta farko, ka sare ciyawar ƙasa-ƙasa, ka jiƙa wurin sharkaf, ka shimfiɗa farar leda mai nuna ciki ka danne gefunanta da ƙasa yadda iska ba za ta shiga ba, ka bar ta sati 4 zuwa 6 a lokacin da rana ta fi zafi, zafin da ke taruwa a ciki yana ƙona iri da yawancin jijiyar da ke sama-sama. A inuwa wannan ba ya aiki, kuma aya-aya takan tsira, sai an bi ta da hannu daga baya. Ta biyu, ka shimfiɗa kwali, kowane falle ya hau kan ɗan'uwansa da kamar santimita 15, ka cire salatif ɗin da ke jiki, ka jiƙa, ka zuba taki da busasshen ganye a kai, bayan wata 2 sai ka huda ka yi dashe ta ciki. Sai dai in wurinka akwai gara, kada ka kai kwali kusa da gini ko katako.

Mai son maganin feshi irin glyphosate, ya fesa lokacin da ciyawar take kore tana girma, ranar da babu iska kuma ba a sa ran ruwa, ya bi abin da aka rubuta a jikin robar daidai, ya sa safa da takunkumi, kuma kada ya bari ya taɓa ganye ko ɗanyen ɓawon bishiyar da yake so.

3. Kafa iyaka kafin shuka

Tsiro mai yaɗo bai san inda filinka ya ƙare ba. Ka ja igiya ka fitar da layi, ka haƙa ɗan kwari ka jera bulo ko ka kafa robar, ta shiga ƙasa kamar santimita 15 ta kuma leƙo sama da kamar 5. Idan babu ko ɗaya, ka bar tsirin fili mai faɗin santimita 30 a zagaye wanda ba za ka bari komai ya tsiro a kai ba, duk reshen da ya tsallako ka gan shi ka datse. Wedelia da Vinca musamman, kada a shuka su a bakin rafi ko gefen daji ko jikin gonar wani, kuma a wasu ƙasashe doka ma ta hana shuka Wedelia, ka bincika ta inda kake.

4. Gyaran ƙasa

Baza taki kaurin santimita 5 a kan wurin, ka cuɗa shi da ƙasar sama zurfin 15 zuwa 20, ka bi da manjagara ka daidaita. Takin da ya ruɓe za ka gane shi, baƙi ne, yana marmashewa a hannu, ba ya wari ba ya zafi. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona saiwa, kuma na dabbobi masu kiwo yakan zo da irin ciyawa, ka ga ka dawo da abin da ka gama kora.

Ƙasa mai laka taki take buƙata da yawa, yashi kaɗan a cikin laka ba ya gyara ta, yakan ma sa ta ƙara tauri, in za ka sa to mai manyan ƙwaya kuma tare da taki. Ƙasar rairayi ma maganinta taki ne. Aptenia ce kaɗai zan ce ka rage mata takin ka ƙara yashi.

A gindin bishiya kada ka yi kaftu mai zurfi, za ka sassare mata saiwa, kuma kada ka tula ƙasa a jikin kututturen. Ka nemi ƴan wurare tsakanin manyan saiwoyi ka haƙa ƙananan ramuka, kowanne ka sa masa taki cikin tafin hannu.

5. Samun dashe

Lissafin ba wuya. In ka ba da tazarar santimita 30, murabba'in mita ɗaya zai ci tsiro 11. Tazarar 45 zai ci 5, tazarar 20 kuma 25. Masu sauri irin Wedelia da Aptenia 40 zuwa 45 ya ishe su, Vinca da Arachis ka ba su 25 zuwa 30. Ka ninka da girman filinka, ka ƙara kaɗan saboda waɗanda ba za su kama ba.

Ba dole sai ka sayi duka ba, duk waɗannan daga reshe ake samun su. Ka sayi ƴan kaɗan ko ka roƙi rassa wurin wanda yake aske nasa. Da sassafe ake yanka, reshe lafiyayye wanda bai tsufa ba kuma bai cika taushi ba, tsawon santimita 10 zuwa 15 mai gaɓa 3 ko 4. Yanka dab da ƙasan gaɓa, cire ganyen gaɓoɓi biyu na ƙasa, in akwai fure ka tsinke shi don ƙarfin ya tafi wajen saiwa. Ka cika leda da rabi yashi rabi taki, ka huda da tsinke ka sa reshen yadda gaɓa 2 za su nutse, ka danna gefe, ka ba da ruwa, ka ajiye a inuwa mai haske. Kada ka soka reshen da ƙarfi ba tare da huda ba, kuma ka tabbatar ba ka juya shi kai ƙasa ba, wannan yana faruwa sosai in rassan sun yi yawa a hannu.

Cikin sati 2 zuwa 3 yawanci sun yi saiwa, Vinca da Arachis kan ɗan fi haka. Alamar ita ce sabon ganye, ko in ka ɗan ja a hankali ka ji ya riƙe. Reshen Aptenia ka bar shi a inuwa kwana 1 ko 2 bakin yankan ya bushe kafin ka sa a ƙasa, in ba haka ba ruɓewa zai yi.

Idan ba ka da leda kuma lokacin damina ne, Wedelia da Tradescantia za ka iya kwantar da reshen kai tsaye a fili, ka rufe tsakiyarsa da ƙasa ka bar kan a waje, biyu-biyu a kowane rami. Ka sa safa, ruwan jikin Tradescantia yana sa wasu ƙaiƙayi, Vinca kuma tana da guba in an ci, a kula da yara da dabbobi.

6. Dasawa

Lokacin da ya fi shi ne farkon damina, a ƙasashe masu sanyi kuma bayan sanyi ya wuce ko farkon kaka. Da yamma ake dashe ko ranar da gari ya lumshe. Kwana 4 ko 5 kafin nan ka riƙa fito da ledojin rana kaɗan-kaɗan su saba, wanda aka ɗauko daga inuwa aka jefa cikin rana kai tsaye ganyensa ƙonewa yake.

Ka jera su a karkace, wato kowane tsiro na layi na biyu ya faɗo a tsakiyar biyun da ke layin farko, haka ya fi saurin rufewa kuma a gangare ya fi tare ruwa. Layin farko ya yi nesa da iyaka da rabin tazarar da ka zaɓa. Ramin ya ɗan fi ledar faɗi amma zurfinsu ɗaya. Yaga ledar, kada ka finciko tsiron ta wuya, in saiwar ta nannaɗe ka ɗan warware ta da yatsa. Ƙasar da ya zo da ita ta yi daidai da ƙasar fili, in ka binne wuyan ruɓewa zai yi, in ka bar shi a sama saiwa ta bushe. Danna ƙasa da hannu, ba da ruwa nan take har ya ratsa. A gangare ka yi wa kowane tsiro ɗan kududdufi ta gefen ƙasa don ruwa ya tsaya masa.

7. Rufi da ban ruwa

Filin da ke tsakanin tsirrai kada ka bar shi a buɗe. Zuba busasshen ganye ko ɓuntu kaurin santimita 3 zuwa 5, ka bar ɗan sarari a wuyan kowane tsiro. Kada ya wuce haka, don rassan suna buƙatar taɓa ƙasa kafin su yi saiwa. Saboda wannan dalilin ne ma ba na ba da shawarar shimfiɗa leda ko yadin hana ciyawa a ƙarƙashin tsiro mai yaɗo, zai yi ta tafiya a kai bai kama ko'ina ba, duk tabarmar tana rataye da saiwa ɗaya, rana ɗaya ta yi zafi sai ka ga ta yi yaushi. Garin katako in shi kaɗai gare ka, a sama kawai, kada ka cuɗa shi da ƙasa, yana janye sinadarin da ganye ke buƙata sai ka ga sun yi rawaya.

Sati 2 na farko ruwa kullum da safe in ba a yi ruwan sama ba. Daga nan kwana 2 ko 3 sau ɗaya, bayan wata 2 sau ɗaya a sati ya isa a yawancin wurare, amma a ba shi ya ƙoshi. Yayyafi kullum yana sa saiwa ta tsaya a sama. Kafin ka ba da ruwa ka tura yatsa cikin ƙasa, in ka ji danshi ka bari sai gobe.

8. Wata ukun farko

Sau ɗaya a sati ka zagaya ka cire duk ciyawar da ta leƙo tun tana ƙarama, da hannu, fartanya a nan ɓarna take. Idan reshe ya kai tsawon tafin hannu biyu ka tsinke kansa da farce, zai fito da biyu ko uku a madadin ɗaya, shi ke kawo cika. Mutane suna jin tausayin yin haka, su bar reshe ɗaya ya yi ta zuwa siriri, ƙarshe wurin ya yi tsawo babu kauri.

Sai wayar nan da na ce ka tanada. Yanka ta santimita 15, lanƙwasa ta biyu, ka ja reshe zuwa inda babu komai ka danne gaɓarsa da ita a ƙasa ka ɗan barbaɗa ƙasa a kai. Cikin sati 2 ko 3 ya kama, ka zare wayar ka kai gaba. Babu waya, ƙaramin dutse ma ya yi. Da wannan kai ne ke nuna masa hanya. Wedelia a wuri mai ɗumi da ruwa takan rufe cikin wata 3 zuwa 4, Vinca kuwa sai ka yi haƙuri, tana iya cin shekara ko biyu.

9. Bayan ya rufe

Gefe ake datsewa duk wata. Idan tabarmar ta yi kauri har ƙasanta ya zama busassun rassa, ko ta fara tashi sama tana hawa wasu fulawowi, ka aske ta a farkon lokacin girma ka bar santimita 8 zuwa 10, ka kwashe abin da ka yanke, ka barbaɗa taki ka ba da ruwa. Kusa da ƙofa da hanyar wucewa ka riƙa barin ta gajere, duhuwa mai sanyi maɓoya ce ga ƙwari har da maciji. Inda dole sai an taka, ka jera duwatsun taku.

Taki sau ɗaya ko biyu a shekara ya wadatar. In na zamani ne, NPK 15-15-15 kamar giram 30 a murabba'in mita, sannan a bi da ruwa a wanke wanda ya maƙale a ganye. Taki in ya yi yawa ganye zai yi ta hauka fure ya ragu.

Idan ka ga rassa suna baƙi suna mutuwa wuri-wuri, musamman Vinca lokacin da laima ta yi yawa, fumfuna ce. Yanke wurin har ka shiga lafiyayye kaɗan, rage ruwa, daina jiƙa ganye da yamma, ka goge almakashin kafin ka taɓa wani wuri. Darɓa da fararen ƙwarin nan masu taruwa a gaɓa, ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa a lita ɗaya ka fesa da yamma har ƙarƙashin ganye, ka gwada a ɗan gefe tukuna, ka maimaita bayan sati. Dodon koɗi da dare ake tsince shi da tocila. Inda ya yi sanƙo, ka sassauta ƙasar ka sa taki ka jawo rassan gefe ka danne da waya.

Rassan da ka aske kuma kada ka watsar a bayan katanga ko cikin kwata, ko ka jefa su ɗanye cikin ramin taki, kowane guntu mai gaɓa tsiro ne. Ka baza su a kan siminti ko kwano su bushe ƙayau, ko ka ɗaure su a baƙar leda ka ajiye a rana sati 2 zuwa 3, sannan ka zubar.